Lasin Murhuna a Ƙofar Shagon Suruki

Abin ya auku ne bayan babban farin nan da ya kashe shanu, bayan kuma an daina cewa En'e an koma cewa ƙaramar hukuma. Shekarar ce soja suka sake karɓar mulki, suka canza wa takardun kuɗi launi, aka shiga tilasta wa mutane sharar Asabar. Jirgin ƙasa bai daina zuwa Ƙaura ba a lokacin, ko da yake ya fara yi mana rowa. Muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanka mana Zamfara ba tukuna. Ni kuwa haƙorana duk suna nan, da na gaba nake fasa goro.

Ni mutuniyar Badarawa ce, Bagobira, ga tsagata nan a kumatu ba sai na rantse ba. Aure ya kawo ni Ƙaura. Mai gidana yana dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgi, da ciwon ƙirji ya kwantar da shi sai na ɗauki tanda na fito. Na kafa duwatsuna uku a bakin hanyar da ta taso daga tasha ta nufi kasuwa, a gindin wani dogon yaro. Wurin fili ne fetal, babu shago ko ɗaya, sai awaki da ni. A nan na toya masa har ya rasu, na fita takaba na koma na ci gaba. Da tandar nan na ciyar da 'ya'ya, da ita na yi musu kayan ɗaki. Masata kuwa a tambayi direbobin Shinkafi da na Zurmi. Sukan bar mota cike da fasinja tana ruri, su zo su tsuguna gabana suna hura yatsu. Ban taɓa cika wa ƙullu kanwa ba, ban kuma taɓa toya na jiya in ce na yau ne ba.

Shaguna su suka zo suka iske ni. Aka gina su jere a bayana, aka rufa da kwano. Wanda ke daidai ƙeyata ya sha hannu: tela ya zauna ya tashi, mai gyaran rediyo ya zauna ya tashi. Daga ƙarshe wani saurayi mutumin Zurmi ya kama shi, yana sayar da sukari da sabulu da gishiri da ashana. Ɗiyata ta fari ita ke kawo mini ƙullu daga gida da safe. Ya gani, ya aiko manya, aka bincika asali, aka ɗaura. Mai shagon da ke bayana ya zama surukina.

Yaran yanzu da ke zama kujera ɗaya da surukansu suna kallon talabijin ba za su san nauyin wannan ba. Tun ranar da aka shafa fatiha na juya murhuna, fuskata ta koma titi sosai, bayana ya koma shago. Shi kuma ya daina shigowa ta gaba. Ta lungu yake zagayawa, ya buɗe ƙofa daga ciki. In ya zama dole ya gifta, tun daga nesa zai tuɓe takalma, ya durƙusa a gefe, ya gaishe ni kansa a ƙasa, ni kuma in amsa wa tanda. Daga ina kwana sai lafiya lau, shi ke nan maganarmu, shekara da shekaru. Sunansa bai taɓa fitowa bakina ba. Ɗiyar tawa ma ta fari ce, ita ma ba na kama sunanta, ba kuma ma zama mu yi hira. Saboda haka ba ni da hanyar sanin abin da ke ransa, shi ma ba shi da hanyar sanin nawa. Ba mu taɓa jin hakan ya takura mu ba, sai a shekarar nan.

A hannun hagun shagonsa akwai shagon kwanuka na wata Bayarabiya Kirista, kowa Iya yake ce mata. Tana yarinya mijinta ya kawo ta Ƙaura, ta iya Hausa har da baƙar magana. Tsakanin Gobirawa da Yarabawa kuwa kun san wasa ne, to mu mun yi shi har ya wuce misali. Da ta buɗe shago za ta leƙo.

"Baiwata, an kwana? Ina masar uwar ɗakinki?"

"Ji mini mai cin barkono! Yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa? Kawo kwanonki nan, ki durƙusa."

"In durƙusa wa mai fuska kamar kaza ta yi tono?"

Ita ce ke ɗaukar masa a kwano mai murfi ta kai wa surukin nawa, tunda ba zai saya a hannuna ba, ba zai kuma ci inda zan gani ba. In kwanon ya dawo ba na tambayar ko ya ci.

Wata safiya motar ƙaramar hukuma ta biyo titi da lasifika a kanta. Mai shela ya ce daga yanzu duk mai kasa kaya ko girki a ƙofar shago sai yana da lasin. Ƙofar shago ta mai shago ce, in yana son wurin don kayansa shi za a fara ba. In kuwa wani ne zai zauna, to ranar da ma'aikata za su zagayo, mai shago da mai zaman su tsaya tare a wurin, mai shago ya faɗa da bakinsa, kowa na ji, cewa ya yarda. Ba aike, ba saƙo, don an ce a wani gari mutane sun yi ta ƙaryar an yarda musu. Wanda bai samu ba a kwashe shi zuwa sabon filin da aka share a bayan kwata.

Na saurara har motar ta wuce, na ci gaba da juya masata. 

Da rana bayan na tashi, na zagaya na duba filin nan. Ƙudaje, warin jini, ungulaye a kan katanga. Babu direban da zai bar motarsa ya zo nan karin kumallo, babu leburan tasha da hanyarsa ta biyo ta wurin. Wanda aka kai can an tashe shi daga sana'a ne, sai dai ba a faɗa mishi ba. Na tsaya na kalli wurin, na gyara lulluɓina, na koma gida ban gaya wa kowa ba.

Ba a jima ba labarai suka fara zuwa. Wani mai shayi da ke can saman titi, wanda ya girmi shagon da yake gabansa, mai shagon ya ce zai jera buhuna a wurin. Wata mai dafaffen rogo da muke gaisawa, ita ma aka ce ta nemi wani waje. Mutanen da ake ci tare ake dariya tare, da hukuma ta ce musu ƙofa taku ce, sai kowa ya tuna yana da kayan da ba su da wurin zama.

Sai ga kafinta wata safiya a bayana. Ban waiwaya ba, amma ina jin sa yana ja da igiyar awo daga bangon shago har kusa da duwatsuna, yana buga ƙasa da ƙafa. Kashegari aka sauke katako da fallayen kwano daga amalanke aka shigar shagon. Wani direban Zurmi, mai baki kamar rariya, yana cin masa yana kallon bayana.

"Inna, surukinki hwa ya yi ƙarfi. Shago za a ƙara?"

"Ci ka tashi, fasinja na jiran ka."

Dama akwai wata magana da na ajiye a raina. A sunan jikata wata daga danginsa na Zurmi ta faɗa, ba da ni take ba amma don in ji ta faɗa, wai mutum Allah ya buɗa mishi, ga uwar matarsa a ƙofarsa cikin hayaƙi tana fifita wuta, abin ba kyan gani. A lokacin na share. Yanzu da na ji igiyar kafinta sai maganar ta dawo sabuwa. Na ce a raina ashe ga hanya ta samu. Ba sai ya ce in tashi ba. Ya yi shiru kawai ranar, hukuma ta tashe ni, ba wanda zai zarge shi.

Iya ta lura na rage surutu. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba.

"Ke Bagobira, bari in shiga in tambaye shi. Baki ɗaya ne, yanzu in fito miki da amsa."

"Kul! Kada ki soma."

"Don mi? Ke ba ki magana, shi ba shi magana, hukuma kuma magana take so. Kuna so ku kashe ni?"

Na ce mata, "Iya, in kinka tambaye shi, ya san daga wurina ne. Yaron kirki ne, ba shi iya ce ma uwar matarsa a'a, ko da a'a ce cikin ransa. Sai in zauna wurin da anka bar mini don kunya, kullum yana kallon bayana yana haƙuri da ni? Ni na kafa duwatsun ga tun ba a haifi shagon ba. In zan zauna, in zauna da son ransa. In ba haka ba, kwata ma ƙasar Allah ce."

"Taurin kan Gobir! Wallahi da ku aka yi duwatsun murhun nan."

"Na ji. Amma ki yi mini alkawari."

Ta yi tsaki, ta tashi, ta kaɗe zane. Amma ta yi alkawarin, ta kuma riƙe shi. Ta ci gaba da kai mishi masa, tana fitowa bakinta a rufe kamar an ɗinke.

Ranar zagayen na fito da ƙullu kamar kullum, har na fi kullum gyara shi. Na ce in ma yau ce ta ƙarshe, a tuna da ita. Hantsi ya ɗaga sai ga su sun biyo jerin shagunan daga sama. Mutum uku ne: duba-gari cikin kakinsa, ɗan garin nan ne, na san uwarsa, sai malamin ƙaramar hukuma, sai soja ɗaya da bulala a hamata, baƙo, Hausarsa ta barikin soja ce. Ina hango su suna tsayawa ƙofa ƙofa. Na ga an ɗora teburin mai shayi a amalanke. Na ga mai rogo ta ɗauki tasarta a ka ta wuce ta gabana, ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba, don kowa ya san abin da ke idon ɗan'uwansa.

Suka iso kaina. Duba-gari ya gaishe ni da ladabi. Malamin ya ce, "Inna, wa ke da shagon ga na bayanki? Mi sunansa?"

Na dubi tanda.

"Inna, da ke nake."

Iya ta ƙwala sunan daga ƙofarta, har da na ubansa, ta ƙara da cewa, "Rubuta, Malam, ita sai ka kwana nan!" Mutanen da suka fara taruwa suka yi dariya.

Aka kira shi. Bai fito ba. Aka sake kira. Na ji motsin ƙafarsa ya zo bakin ƙofa, ya tsaya, sai kuma na ji ya koma ciki. Na san abin da ya gani: ni a zaune, taro a tsaye, ana so ya tsaya a kaina ya ɗaga murya a kan zamana. Amma ban san ko kunya ce ta mayar da shi ba, ko abin da nake tsoro ne.

Sojan ya ce, "Shi bai yarda ba ke nan. Mama, kashe wuta, kwashe kaya."

Duba-gari ya matsa kusa da shi, ya rage murya yana yi mishi bayanin cewa surukai ne, a nan ba a haka. Sojan ya ce shi umarni aka ba shi, su biyu su tsaya tare, mai shago ya yi magana. Malamin ma ya ce gaskiya ne, yanzun nan aka tashi mutane a sama, in aka ɗaga wa wata ƙafa me za a ce musu? Ban ga laifinsu ba, har yau ban gani ba.

Ban roƙi kowa ba. Na sunkuya na fara janye itace daga murhu, ɗaya bayan ɗaya, ina turmuza kan a ƙasa. Na ce kafin a taɓa mini tanda gara in ɗauke ta da hannuna.

Sai na ji Iya ta ce, "Oga, dakata. Tare kunka ce su tsaya. In sun tsaya tare ba su ga juna ba, ya yi?"

Malamin ya ce, "Ni dai in gan su su biyu, in ji muryarsa."

Yarabawa kun san su da zane kan zane. Iya ta kwance na saman, wani shuɗi mai faɗi, ta yarfa shi, ta miƙa wa direban nan na Zurmi gefe ɗaya.

"Kai mai surutu, riƙe nan, ka yi amfani yau. Ɗaga sama! Baiwata, tashi tsaye."

Na miƙe. Suka tare zanen tsakanina da ƙofar shagon kamar labulen ɗakin amarya. Iya ta leƙa ta can gefen ta kira shi, ta ce ya fito, babu wanda zai gani sai hukuma.

Abin da na gani ta ƙarƙashin zanen ƙafafunsa ne, babu takalmi, yatsun suna tonon ƙasa. Malamin ya tambaye shi ko ya yarda matar nan ta zauna a ƙofarsa.  

Ya ce, muryarsa can ƙasa, "Ranka shi daɗe, ni ban da abin yarda ko ƙi. Wurin ga nata ne. Ni na zo na iske ta. Shagona ne ke bayan murhunta, ba murhunta ke gaban shagona ba. Rabin masu sayen sukarina ma masarta ta kawo su."

"Ba tarihi na tambaye ka ba. Ka yarda?"

"Na yarda."

Sojan ya ce, "Ban ji ba!"

"Na yarda!" Ya faɗa da ƙarfin da ban san yana da shi ba, har muryar ta fashe. Taro ya kwashe da dariya, direban ya kusa sakin zane, Iya ta zage shi tas.

Duba-gari ya ce saura abu ɗaya, mai abinci sai da rufi a kanta, kada ƙura da kashin tsuntsu su faɗa. Sai na ji ta bayan zane an ce, "Ga kwano can da katako cikin shago, kafinta ya riga ya auna. Rumfa ce nike son yi mata tun da anka yi shela. To na ji an ce ta tafi ta duba filin kwata, na ce ko can take so, ko ta gaji da wurin ga. Ban san ta yadda zan tambaya ba."

Iya ta saki baki. "Ku ji mini mutane! Wannan na can tana shirin kwata, wannan na nan yana ɓoyon kwano. Ni kuma ina tsakiya da kwanon masa kamar jaka!"

Na koma kan kujerata na zauna. Ban yi kuka ba, hayaƙin itacen da na janye ne ya shigar mini ido. Wani nauyi da na kwana da shi na tashi da shi tun ranar da na ji igiyar kafinta, sai na neme shi na rasa. Ba wurin kaɗai ba ne. Ashe duk shekarun nan da yake kallon bayana, ba haƙuri yake yi da ni ba.

Ƙauri ne ya dawo da ni. Masar da na bari a tanda ta ƙone ƙurmus, ranar ce kaɗai a rayuwata aka ji ƙaurin masata a titin nan. Na kankare, na mayar da itace, na hura, na zuba sabon ƙullu. Kafin masar ta yi ja an naɗe zane, ƙafafun nan sun koma ciki. Sojan da kansa ya dawo bayan sun gama zagaye, ya saya, ya ci a tsaye, ya ce a ƙara yaji.

Da la'asar kafinta ya zo ya kafa ginshiƙai. Hukuma ta ba da wata 'yar lamba ta ƙarfe, aka ce ita ce shaidar lasin. Ni ban san abin da aka rubuta a jiki ba. Ina jin ƙarar guduma a bayana, Iya ta raɗa mini cewa shi da hannunsa yake buga ta a ginshiƙin rumfar. Ban waiwaya ba. Da safe na zaɓi masu kyau, na kwarara musu man shanu, na rufe, na ba ta ta kai. Kwanon ya dawo a wanke, da farin goro a ciki.

Magana tsakaninmu ba ta ƙaru da ko kalma ɗaya ba. Ina kwana, lafiya lau. Na ci gaba da tuya a inuwar kwano, damina da rani, har aka yanka mana Zamfara, har idanuna suka daina jure hayaƙi na bar wa wata jikata tandar. Mai rogo kuwa ba ta daɗe a kwata ba ta bar sana'ar, takan biyo ta zauna a rumfata mu taɓa hira.

Cikin waɗanda suka tsaya a wurin ranar, duba-gari ya rasu, malamin ya rasu. Direban nan mai surutu hanyar Shinkafi ta ci shi, Allah ya jiƙansa. Sojan ban san inda ya yi ba. Iya da tsufa ya kama ta 'ya'yanta suka zo suka mayar da ita garinsu, ta tafi tana ce mini baiwa ta tagar mota, daga baya saƙon mutuwarta ya iso. Dogon yaron ma an sare shi da za a faɗaɗa titi. Saura ni, da ɗiyar tawa, da mai shagon. Gemunsa ya yi fari fat, ɗansa ke zaman shagon yanzu, lambar tana nan a ginshiƙi ta yi tsatsa. Ranar Juma'a yakan zo gaishe ni. Ina jin sa yana tuɓe takalma tun daga zaure, sai in juya fuskata bango in jira.